Tun Ran Gini, Tun Ran Zane: Nasiha ga Matasa Masu Buga Samfuri da Rezin

Ya ku 'ya'yana, maza da mata, waɗanda Allah Ya hore wa wannan sabuwar sana'a ta fitar da siffofin abubuwa da injin ɗab'i mai aiki da ruwan rezin, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku na ɗan lokaci, domin akwai wata hasara da nake ganin tana maimaita kanta a tsakaninku, alhali kuwa maganinta bai fi ƙarfin kowa ba. Sau da yawa yaro zai kwana a gaban kwamfuta yana zana samfurin abin da yake so a ƙera, ya auna kowane lungu da kowane saƙo, ya bar inji yana aiki sa'o'i masu yawa har abin ya fito yadda ake so, sa'an nan a cikin yammaci guda ya lalata wannan wahala duka da samfefa da gwangwanin fenti, saboda ya ɗauka cewa aikin ya ƙare tun da inji ya tsaya. Abin da nake so ya zauna a zukatanku tun daga farko shi ne, fenti ba ya rufa wa aiki asiri. Duk abin da ya tarar a ƙasa, mai kyau ko maras kyau, shi yake ɗagowa ya nuna wa jama'a, kuma gwargwadon sheƙinsa gwargwadon tonon da zai yi. Saboda haka kowane mataki na wannan aiki yana da haƙƙinsa da lokacinsa, wanda kuwa ya tauye haƙƙin mataki ɗaya zai biya a matakin da ke biye.

Ya kamata mai sana'a ya san asalin abin da ke hannunsa. Wani masani ɗan ƙasar Japan, Hideo Kodama, ya bayyana hanyar daskarar da ruwan roba da haske hawa-hawa a birnin Nagoya cikin shekarar 1981, sa'an nan Chuck Hull na Amurka ya nemi rajistar tasa hanyar a 1984, aka ba shi a 1986, ya kafa kamfanin 3D Systems. Shekaru masu yawa wannan inji sai manyan masana'antu, har zuwa lokacin da ƙananan injuna irin na Formlabs suka bayyana a 2012, daga baya kuma irin su Anycubic da Elegoo suka karya farashi har ɗalibi ya iya ajiye nasa a kan tebur. Hikimar aikinsu ɗaya ce: haske mai launin shunayya, wanda tsawon zangonsa yawanci nanomita 405 ne, yana haska ruwan rezin ya daskarar da shi falle ɗaya, farantin da abin ke manne a jikinsa ya ɗaga, a sake haskawa, kuma kaurin kowane falle sau da yawa milimita 0.05 ne, wato falle ashirin a cikin milimita guda. Daga nan ne ƙananan layukan da kuke gani a jikin samfuri suka samo asali, daga nan ne kuma buƙatar matokarai, waɗancan siraran sanduna da ke riƙe abin yana rataye, waɗanda ke barin tabo a duk inda suka taɓa.

Magabata sun ce tun ran gini, tun ran zane, kuma ban ga inda wannan magana ta fi dacewa ba kamar a nan. Tun kuna gaban kwamfuta, kafin a zuba rezin a kwano, ku tambayi kanku wace fuska ce mutane za su kalla, wace ce kuma za ta ɓoyu, sa'an nan ku karkata samfurin yadda matokarai za su sauka a bayansa ko a ƙasansa, su bar fuskar gani sumul. Minti biyar na tunani a wannan wuri yana sauƙe muku wunin guga. In kun rarake cikin abin domin tattalin rezin, to lalle ne ku bar masa ƙofofin tsiyaya, aƙalla biyu, ɗaya ruwa ya fita ɗaya iska ta shiga, domin ɗanyen rezin da aka kulle a ciki ba ya zama lafiya. A hankali yake cin bangon daga ciki, har wata rana, bayan makonni ko watanni, samfurin da aka yi wa ado aka miƙa wa mai shi ya tsage da kansa a kan kanta, yana tsiyayar da ruwa mai yauƙi. Na ga an zargi fenti a kan haka, na ga an zargi zafin gari, alhali illar tana can ciki tun ranar da aka buga shi.

Kafin mu ci gaba da zancen kyan aiki, bari in gabatar da zancen lafiyarku, gama jiki amana ne, kuma babu samfurin da ya kai darajar hannun da ya yi shi. Ɗanyen rezin yana da sinadarai waɗanda fata ba ta shiri da su, kuma sharrinsu shi ne ba sa nuna kansu da wuri. Mutum zai yi ta taɓa shi da hannu tsirara wata da watanni bai ga kome ba, har ya riƙa yi wa masu sa safar hannu dariya, sai rana ɗaya jikinsa ya ƙi abin, yatsu su kumbura, ƙaiƙayi da ƙuraje su feso, kuma daga ranar nan ko ɗigo ɗaya ya taɓa sai ciwon ya tashi, sau da yawa har ƙarshen rayuwa. Ku sa safar hannu ta naitiril, ku kare idanunku da tabarau, ku yi aiki inda iska ke ratsawa. Sifirit ɗin da ake wanki da shi kuwa yana kama wuta nan da nan, saboda haka ku nisanta shi da janareto da risho da mai shan taba. Ruwan wankin da ya gurɓace kada ku zuba shi a kwata, inda zai bi ya tarar da yara da dabbobi da rijiyar maƙwabta. Ku ajiye shi a rana cikin gora mai haske har rezin ɗin da ke ciki ya daskare ya kwanta, sa'an nan ku tace ku yar da daskararren. Rigakafi ya fi magani.

Matakin farko bayan ɗab'i shi ne wanki, da sifirit irin na isofirofil wanda ƙarfinsa ya kai kashi 90 cikin ɗari ko fiye, kuma ya fi kyau a yi shi a kwano biyu, na farko ya ɗauke yawancin dauɗa, na biyu mai tsabta ya ɗauraye. 'Yan mintoci sun isa, gwargwadon abin da masu rezin ɗin suka rubuta, domin in aka manta da abu a cikin sifirit ya daɗe, sai ya sha ya kumbura, sirarran sassansa su yi laushi, daga baya ya tsattsage. Bayan wanki sai bushewa, kuma a nan ne gaggawa ta fi kayar da matasa: wanda ya sa jiƙaƙƙen samfuri a ƙarƙashin fitila zai ga wani farin gari kamar kanwa ya fito a lungunansa, wanda ba ya fita sai da guga. Ku bari ya bushe sarai, ku juya shi a haske ku duba, in akwai wurin da ke sheƙi kamar an shafa mai to rezin ne ya rage, ku koma wanki. Sa'an nan ne za a gasa shi da hasken nan mai launin shunayya har ya ƙarasa ƙwari. Ranarmu tana iya wannan aiki, amma ba ta da ma'auni. Sai an riƙa juya abin, an kuma kula kada zafi ya tanƙwara siraran wurare. Gashin da bai kai ba yana barin fuska mai danƙo wadda ke toshe samfefa kuma ta hana fenti bushewa ko da an yi mako, gashin da ya wuce kima kuwa yana mai da abin rawaya, ya sa shi saurin karyewa. Alheri yana tsakiya.

Game da matokarai, kada ku fizge su kamar mai cire ciyawa, domin kowane ɗaya da aka fizge yakan tafi da ɗan yanki na jikin samfurin ya bar rami. Ku yanke su da ƙaramar filaya mai kaifi, ku bar ɗan tsiro kaɗan a sama, gama tsiro ana goge shi ya daidaita cikin sauƙi, rami kuwa sai an cike. In ramin ya riga ya faru, ɗigon rezin a bakin tsinke, a haska shi ya daskare, yana cike shi da abin da yake jinsinsa ne. Manyan wurare kuma filar da masu gyaran jikin mota ke amfani da ita tana yi, in an shafa ta da sauƙin hannu.

Yanzu mun zo ga guga, wadda ita ce zuciyar aikin, kuma ita ce wurin da ake gane wanda ya yi tarbiyya a hannun gwani. Lambar da ke bayan samfefa tana faɗin girman ƙwayoyinta: ƙaramar lamba kaushi, babbar lamba laushi. Rezin ba itace ba ne, yana cinyewa da sauri, saboda haka da wuya ku buƙaci abin da ya fi 220 kaushi, shi ma a kan tabon matokarai kaɗai. Daga nan sai 320 ko 400, sai 600, kuma wannan ya isa ga abin da za a yi wa fentin shimfiɗa, wato fentin ƙasa na farko. Abin da ake so ya zama garau kamar gilashi shi ne ake bi da shi har 2000 ko 3000. Sirrin tartibin nan shi ne, kowace samfefa aikinta goge ƙarcen da ta gabanta ta bari, kuma mai laushi ƙwarai ba ta da haƙoran da za su kai ƙasan ƙarcen mai kaushi ƙwarai. Wanda ya yi tsalle daga 220 zuwa 800 zai sami fuska mai santsi a hannu, amma ƙarcen farko yana nan kwance, yana jiran fenti ya fallasa shi. In kun sauya lamba ku sauya wajen da kuke bi, wannan a tsaye wancan a kwance, domin ku gane da ido lokacin da tsohon ƙarce ya ɓace. Ku yi guga da ruwa, da samfefar da aka yi domin ruwa, saboda ruwa yana wanke ƙwayoyin kada su toshe, yana sanyaya wurin, kuma mafi girma duka yana hana ƙurar rezin tashi ta shiga huhunku.

Akwai wata illa a cikin guga wadda masu himma suka fi faɗawa cikinta fiye da malalata, ita ce wuce gona da iri. Yatsa yana da laushi, in aka naɗa masa samfefa aka bi shimfiɗaɗɗiyar fuska sai ya yi mata kwari-kwari, ya kuma cinye kaifin gefe ya mai da shi kewayayye, alhali kaifin gefen nan shi ne mai zane ya wahala a kansa. Ku naɗa samfefa a jikin ɗan katako mai daidaito, ko ku shimfiɗa ta a kan gilashi ku riƙa goga abin a kanta. Ƙananan rubuce-rubuce da zane-zane kuwa ku kewaye su, domin na sha ganin an bi layi ɗaya da ido ba ya gani sai an matso, har aka shafe sunan da aka zana a jikin abin gaba ɗaya. Garin neman gira aka rasa ido.

In guga ta ƙare, ku wanke samfurin da ruwa da sabulun wanke-wanke, ku bar shi ya bushe har cikin ramukansa, kuma daga nan kada ku ƙara taɓa shi da hannu tsirara, gama maiƙon yatsa, ko ɗan man shafawa da ya rage a tafi, yana sa fenti ya guje wa wurin ya bar ƙananan ramuka masu kama da idon kifi. Ku soke shi a tsinke ko ku manna shi a sanda, ku riƙe sandar.

Fentin shimfiɗa, wanda ake fesawa kafin mai launi, aiki uku yake yi: yana ba fentin sama abin kamawa, yana cike ƙananan layuka in irin mai kauri ne, yana kuma ba da shaida. Wannan na ukun shi ne matasa ba su cika lura da shi ba. Rezin, musamman mai haske ko fari, yana ruɗin ido, ba a ganin aibinsa. Amma da zarar toka-tokan fenti maras sheƙi ya hau kansa, sai kowane ƙarce da kowane rami su fito fili. Kada ranku ya ɓaci in kun ga haka, domin shaidar da ta zo muku a ɗakin aiki rahama ce, wadda ta zo a gaban wanda ya ba ku aikin ita ce abin kunya. Ku haska fitila daga gefe, ku yi wa wuraren alama da fensir, ku cike, ku goge da 600 ko 800, ku sake fesawa. Gwanaye sukan yi wannan zagaye sau biyu ko uku ba tare da sun ɗauke shi hasarar lokaci ba.

Feshi kuma yana da ladubbansa. Ku girgiza gwangwani minti biyu cikakku bayan kun ji ƙarar ƙwallon da ke ciki, ku tsaya da tazarar santimita 20 zuwa 30, ku fara danna kan kafin ku iso abin, ku sake shi bayan kun wuce, domin a farko da ƙarshen dannawa ne fenti ke tofar da manyan ɗigo. Shafi na farko ya zama kamar hazo, har ana hango ƙasa ta cikinsa. Marinan Ƙofar Mata a Kano ba sa samun baƙin shuɗi da tsomi ɗaya. Tsomawa suke su fitar, iska ta sha zanen, su sake tsomawa, har launi ya zauna. Haka fenti yake, siraran shafi uku da hutu a tsakaninsu sun fi kauri ɗaya wanda zai zubo kamar hawaye ya cike zane-zane. Ku kuma lura da yanayin garinmu, wanda ba shi aka duba ba sa'ad da ake rubuta bayanin jikin gwangwani. Da tsakar ranar bazara fenti yana bushewa a iska kafin ya iso, ya sauka kamar yashi. Da damina laima tana sa shi ya yi fari-fari ya dushe. Da hunturu kuwa ƙura ce ke sauka a kansa tun yana ɗanye. Da sanyin safiya ake kama fara: ku yi feshi da hantsi bai ɗaga ba, a inuwa, ku yayyafa ruwa a ƙasa ƙura ta kwanta, ku kifa wa abin kwali mai tsabta yana bushewa. Takunkumin ƙyalle ba ya tare tururin tina, sai mai matatar gawayi. Fentin kariya mai haɗi biyu irin na motoci kuwa yana ɗauke da sinadarin da ke haddasa asma, kada ku kusance shi sai da cikakken kayan kariya.

Ba kowane fenti ne ke zama da ɗan'uwansa ba. Wanda tinarsa ke da zafi, in aka fesa shi a kan fenti mai mai, sai ya ci na ƙasa ya tattare shi kamar fatar tsoho, kuma babu gyara sai a kankare a koma farko. Mafi aminci shi ne na ƙasa da mai launi da na kariya su fito daga gida ɗaya, kuma a gwada su a kan wani ɓataccen bugu kafin a kusanci na gaske. Saboda haka kada ku yar da abubuwan da suka lalace a inji, su ne allon gwajinku. Ku karanta lokacin maimaita shafi, domin wasu fentocin sharaɗinsu shi ne ko dai a ƙara cikin sa'a guda ko a jira kwana biyu, wanda ya fesa a tsakani kuwa zai ga tattara. Ku sani kuma bushewar sama daban, ƙwarin ciki daban. Fentin da ba ya kama yatsa yau yana iya ɗaukar hoton yatsa in aka matsa, ko ya manne da takardar da aka naɗe shi. Sannu ba ta hana zuwa. In za ku yi alkawarin ranar miƙa aiki, ku lissafa da kwanakin bushewa a ciki, kada ku yi lissafi da sa'o'in inji kaɗai.

Akwai kuma lissafin da masu zane sukan manta: fenti yana da kauri. Na ƙasa da mai launi da na kariya, in aka tara, suna iya kaiwa milimita 0.1 ko fiye a kowace fuska. Ku ɗauki turke da ramin da zai shiga. Turken ya ƙaru ta gefe biyu, ramin ya ragu ta gefe biyu, an ci milimita 0.4 ke nan, alhali sararin da aka bari a zane wataƙila bai wuce 0.2 ba. Sakamakon shi ne murfin da ke rufuwa jiya yau ya ƙi, a danna da ƙarfi fenti ya ɓare ko rezin ya fashe. Ku rufe duk wuraren haɗuwa da zaren dunƙule da tef ɗin takarda kafin feshi, ku kuma gwada haɗa sassan tun ba a yi fenti ba, domin in akwai kuskure a zane ku san na zane ne.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi duk waɗannan nauyi, wato gaskiya tsakaninku da mai aiki. Samfuri an yi shi ne domin ya ba da labarin abin da za a ƙera, kafin a zuba dukiya mai yawa a mazubin ƙarfe da masana'anta. In kun goge wani wuri da hannu har ya shiga, ko kun cike wani giɓi da fila, to ku koma ku gyara zanen da ke kwamfuta, ku kuma faɗa. In ba haka ba za a ƙera dubbai a kan zanen da bai taɓa shiga ba, kuma wannan algus ne ko da ba a yi niyyarsa ba. Haka nan samfurin da ya sha fenti yakan yi kama da kayan kanti, har mai shi ya ɗauka zai jure abin da robar masana'anta ke jurewa. Wajibi ne ku gaya masa cewa rezin na yau da kullum yana fashewa in ya faɗi, yana laushi in an bar shi cikin mota a rana, kuma ba a cin abinci ko shan ruwa a cikinsa, ba a kuma ba yaro ya sa a baki. Mai aikin da kuka faɗa wa iyakar abinku zai dawo, ya kuma kawo wani.

Kada yawan sharuɗɗan nan ya karya muku gwiwa, domin hannu yana koyo da sauri, kuma abin da yau kuke yi kuna tunani, gobe zai zama ɗabi'a. Ku nemi tsofaffin masu fentin mota da kafintocin unguwarku, ku zauna kusa da su da ladabi. Ko da ba su taɓa ganin injinku ba, sun san guga da feshi da halin iska fiye da yadda kuke zato, kuma ilmi ba ya wulakanta mai tambaya. Ku ajiye littafi ku riƙa rubuta irin rezin, da mintocin wanki da na gashi, da lambobin samfefa, da sunan fenti, da yanayin ranar, da abin da ya fito, saboda ku amfana da shi ku kuma sami abin koya wa na bayanku. Allah Ya yi wa sana'arku albarka, Ya tsare lafiyarku, Ya ba ku haƙuri da kyautata aiki, Ya sa ku ci halal da hannuwanku. Amin.